Biyar Cikin Goma

Ranar da ta fara shiga ɗakin zane, saura kaɗan ta taka akuya.

Akuyar a kan takarda take, a ƙasa, cikin sahun takardun da aka shimfiɗa tun daga bakin ƙofa har bangon ƙarshe. An ture bencuna gefe guda. A tsakiyar ɗakin wani dogon mutum ne tsaye ba takalmi, ya goya hannuwa a baya, yana bin sahun a hankali kamar likita mai zagayen gadaje.

"Bi a sannu, Malama," ya ce, bai ko ɗago ba. "Da ƙyar aka haifi akuyar nan."

Ita malamar lissafi ce. Ƙa'idar makarantar ita ce malamai biyu ke ba aikin jarrabawar zane maki, kuma da yake malamin zane ɗaya ne tal, kowane zango shugaban makaranta kan duba cikin malamai ya zaɓi wanda bai iya gardama ba ya tura. A wannan karon ya yi kuskure, ya turo ta.

Ta nemi takardar amsoshi, ya ce babu. Ta tambayi yadda mutum zai bambance daidai da kuskure, ya ce ta fara cire takalmi tukuna. Daga nan ya bayyana mata yadda yake aikinsa. Sunayen yara a bayan takarda suke, ba a juyawa sai an gama. Kowane zane ana kallonsa daga nesa, sannan a durƙusa a kalle shi kusa. Abin da ake nema kuwa shi ne, ko yaro ya sa ido ya kalli abin da yake zanawa, ko ya sauke abin da ya haddace ne kawai.

Ta saurare shi da irin haƙurin da ake yi wa wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. Sannan ta nuna wani tulun fure mai tsafta, an ja masa layin gefe da rula, ta ce tara cikin goma. Ya ce shida. Akuyar da ƙafarta ɗaya ta fi sauran tsawo, wadda ita ta ba huɗu, shi takwas ya ba ta, wai mai zanen ya lura da yadda akuya ke naɗe gwiwoyin gaba kafin ta kwanta, kuma ba a littafi ake ganin wannan ba.

Suka yi ta ja har aka kaɗa ƙararrawa. Da ta gaji, ta sunkuya da jan bironta za ta rubuta makinta a kan tulun, sai ya riƙe biron. Ya ce ba a rubutu a fuskar zane. A nan ta fara kallonsa da kyau: ido a natse, gemu mai neman almakashi, yatsu baƙi ƙirin da gawayin zane. Shi ma ya kalle ta, irin kallon da yake yi wa takardunsa, har ta rasa inda za ta ajiye idonta. Ya saki biron. Shatin yatsunsa ya zauna a jikin biron, ita kuwa ba ta goge ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Malama Jan Biro, na sake duba tulunki. Har yanzu shida ne. Amma lauyar da ta tsaya masa ta cancanci goma."

Ta bar saƙon ya huce, don kada ya ɗauka jiransa take, sannan ta amsa.

"Malam Gawayi, ba a ba mai duba jarrabawa toshiyar baki. Kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa waya."

Da sabon zango ya zo, ita da kanta ta je ofishin shugaba ta ce a bar mata aikin ɗakin zane, don kada a wahalar da sauran malamai. Shugaban ya dube ta ta saman tabarau, ya ce Allah ya saka wa masu sadaukarwa. Ɗakin malamai ya gane kafin su biyun su furta. Ɗakin malamai yana iya kasa gane manhaja, amma bai taɓa kasa gane irin wannan ba.

Wata rana bayan an tashi, tana taya shi wanke buroshin fenti a bakin famfo, ta tambaye shi dalilin da ya sa ya zana mai gadi, ya zana mai share-share, har kyanwar kicin ya zana, amma ita bai taɓa zana ta ba.

"Na gwada," ya ce. "Duk wanda na yi sai in ga na rage miki wani abu."

"Kamar me?"

"In kina lissafi a zuci, girarki ta hagu takan ɗaga kaɗan. In na zana ta a ɗage, sai ki fito mafaɗaciya. In na sauke ta, sai ki zama wata daban. Lokaci nake bukata, Jan Birona."

"Nawa?"

"Duk wanda ya rage mini."

Ta ce wannan ba lamba ba ce. Ya ce to ta samo masa ranar da zai zo ya gaida Baba.

Baba tsohon ma'aikacin awon filaye ne, ya yi ritaya da rularsa da kamfas ɗinsa da ra'ayoyinsa. Ita ce autarsa, ita kaɗai ta rage a gidan tun da Mama ta rasu. Mama ba ta son kyamara. Abin da ta bari shi ne hoton katin shaida, wanda hatimi ya cinye rabin fuskarsa. Saboda haka da masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Baba ya zauna a teburinsa da fensir, ya kwashe watanni, ya fito da zanen fuskarta, ya sa aka rufe da gilashi, ya rataye a falo saitin kujerarsa.

Duk wanda ya shigo cewa yake kamar ta yi magana. Haka ake yi wa wanda matarsa ta mutu: a yaba masa shayinsa, a yaba masa haƙurinsa, a yaba duk abin da ya rataya a bango, sannan a duba agogo. Wanda ya fi kowa iya yabon shi ne ɗan wani abokin Baba, mai shagon magani, wanda unguwa ke kira Dakta, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Yakan zo da maganin hawan jini, ya tsaya gaban zanen yana girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin hannu irin na Baba ba. Baba har ya fara cewa yaron akwai hankali, kuma duk lokacin da zai faɗa sai ya dubi Auta.

Ta shirya malamin zane kamar ɗalibi mai shiga jarrabawa. Ta zaɓa masa riga, ta sa ya rage gemu, ta tsaya a kansa ya kankare farcensa. Ta gaya masa kujerar da ba a zama a kai, da zancen da ba a ɗaukowa. Bango kawai ta manta, don ta daɗe da daina ganinsa.

Baba ya amsa gaisuwa, ya tambayi iyaye, ya tambayi sana'a. Da ya ji sana'ar, ya nemi a maimaita. Ya ce shi a saninsa zane abu ne da yara ke yi in malamin lissafi bai zo ba, ashe har ɗaukar mutum ake yi aiki a kansa. Ya tambayi yadda ake ba abin da ba shi da amsa maki. Saurayin ya yi bayani cikin ladabi, kansa a ƙasa. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna bango da haɓa.

"To ga wani nan. Nawa za ka ba shi?"

Tana bakin ƙofa da farantin shayi. Ta yi tari, ta karkaɗa cokali a kofi, amma mutumin ya riga ya miƙe ya goya hannuwa a baya. Ya ja har jikin taga, ya dawo ya kusa manna hancinsa da gilashin. Ta san wannan fuskar tasa. Ya bar falon surukai, ya koma aji.

"Biyar cikin goma, Baba."

Da ma a ce a nan ya tsaya. Ya ce mai zanen yana da hannu mai tsafta da haƙuri, ya auna komai daidai, tazarar ido da ido, hanci da baki, kamar ana rabon fili. Ya ce an goge wajen idanun har takarda ta kusa hujewa, alamar mutum ya nemi wani abu bai samu ba.

"Sai dai fuskar kowa ce. Da ɗalibina ne, sai in ce masa, ka kalli takardarka da yawa, ba ka kalli matar ba."

Baba ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa a aljihu.

"Fiye da shekara talatin muka yi da matar," ya ce. "Auta, raka baƙonki. Shayin sai wani jiƙon."

A ƙofar gida ta gaya masa wanda ya yi zanen da wadda aka zana. Ya dafe kai, ya yi salati. Washegari Baba ya sanar da ita, ba faɗa ba hayaniya, cewa ba zai ba 'yarsa ga mutumin da ba ya tauna magana ba, kuma iyayen Dakta suna neman rana su zo. Saurayin ya dawo ba da haƙuri, aka ce masa Baba yana hutawa. Ya sake dawowa, aka ce bai tashi ba. Da dare saƙonsa ya shigo wayarta.

"Jan Birona, abinci ya ƙi wuce mini. Ki faɗi abin da zan yi, zan yi."

"Ka rubuto masa cewa hasken falon ne ya ruɗe ka. Ka ce ka sake tunani, tara ne."

Sai amsarsa ta shigo.

"Cewar da na yi bai kalle ta ba, zan durƙusa in nemi gafara, don ban san abin da nake takawa ba. Amma tara ba zan iya ba. Zai gane, kuma daga ranar duk alkawarin da na yi masa a kanki zai ɗauke shi irin wannan tarar."

"To ka auri biyar ɗinka."

Ta kife wayar. Ita da ɗalibai ke kuka a gabanta a kan rabin maki ba ta ƙara ba, yau ita ce ke fushi da mutum don ya ƙi ƙara huɗu. Ta lura da haka, kuma lurar ba ta rage mata fushin ba. A makaranta ta koma bin bayan ɗakin karatu don kada ta wuce ta ƙofarsa. In sun haɗu a taron malamai, shi ya kalli tebur, ita ta kalli silin.

Dakta ya ga fili ya buɗe, ya shigo da ƙarfinsa. Ya ɗauki hoton zanen da waya, ya ce zai kai a gyara a kwamfuta. Ya dawo da wani ƙaton hoto mai launi cikin firam mai ruwan zinariya: fata sumul, jan baki, 'yan kunne masu walƙiya, wata budurwa da ba wanda ya taɓa gani. Ya jingina shi a kujera, ya ce ga Mama ta dawo gida. Baba ya yi godiya, ya raka shi har ƙofa. Da ya dawo, ya zauna tsakanin hotunan biyu, ya kalli wannan ya kalli wancan.

"Auta, zo nan. Ke ba kya ƙara wa kowa maki. Wancan na bango, ya yi kama da uwarki?"

Amsar da ta saba bayarwa tana kan harshenta. Ta kuma san in ta canza ta yau, Baba yana iya cewa bakin saurayi ta ara, ta rasa su duka biyun. Ta ajiye mayafin da take ninkewa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"A'a, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Kunnen dai. Kunnen nata ne."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ya ce ya sani tun ranar da ya rataye shi. Abin da ke cinsa, in ji shi, shi ne yanzu in ya rufe ido zanen yake gani, ba ita ba. An yi ta ce masa ita ce, ita ce, har ta gaskiyar ta fara ja da baya. Ita kuwa ba ta ɗauko zancen kowa ba, ta dai ɗora kanta a gwiwarsa kamar tana ƙarama.

Ba a jima ba, wata rana bayan an tashi tana gyaran littattafai, mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo ya shigo yana tambayar ɗakin zane. Ta bar jan biron a buɗe ta fita. Ba ta shiga ba, a jikin taga ta tsaya.

Baba na zaune a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai masa ƙirji. Malamin zane yana durƙushe a gabansa yana ba da haƙuri. Baba ya katse shi, ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya jera rula da kamfas da fensira da robar gogewa a kan benci.

"Ka ce da ɗalibinka ne. To ga shi ya zo."

Malamin ya kwashe rular da kamfas ɗin da robar, ya zuba a aljihun tebur ya rufe. Ya miƙa masa sandar gawayi da faffaɗar takarda. Baba ya tambayi yadda zai yi in ya yi kuskure, ya ce ya bar kuskuren a wurin ya ja wani layin kusa da shi. Ya ce kuma su bar fuska tukuna. Sai ya tambaye shi, in ya dawo daga aiki, a ina yake samun Mama, tana me.

Baba ya daɗe yana juya gawayin. Can ya ce a bakin taga, ta ba ƙofa baya, tana ɗinke wani abu. Ba ta juyowa. Sai dai ta karkata kai dama tana sauraren takunsa, daga takun take gane ko ranar ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba.

"To ita za ka zana, Baba. Yadda take in ka shigo."

Takardar farko ta lalace, ta biyu ma haka. Baba ya yi tsaki, ya ce gawayi kayan girki ne. Amma washegari ya dawo, ya kuma ci gaba da dawowa. A gida yakan ce zai je wurin abokai, ita kuma takan ce a gaishe su, sannan ta zauna tana cuɗa baƙin gawayi daga hannun rigarsa. Ita ta fara tura saƙo.

"Ɗalibinka ya gama da hannayen rigunansa."

"Ɗalibina akwai taurin kai. Yanzu na san inda aka gado shi. Kin huce, hasken idona?"

"Saura rabin maki."

"Zan jira. Ban taɓa jiran abin da ya fi wannan daɗi ba."

Ran nan Baba da kansa ya aika mai gadi ya kira ta. Takarda ɗaya ce shimfiɗe a tsakiyar ɗakin. Ba fuska a ciki. Bayan mace ne, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, kai a karkace dama, layuka a kan layuka, shatin tafin Baba a gefe inda ya dafa. Ta ji bakinta ya ce "Mama" tun kafin ta yi niyya. Ta toshe baki da mayafi, hawaye suka ƙi tsayawa.

Baba ya yi gyaran murya, ya kalli wani wuri, ya tambayi malamin maki nawa zai ba shi. Ta juyo ta zuba wa malamin ido, irin kallon da ke nufin ka yi wa kanka faɗa. Ko a jikinsa. Ya ja da baya, ya matso, ya durƙusa.

"Bakwai, Baba. Hannun ya yi girma."

"Hannunta babba ne. Kai ba ka san ta ba."

"To bakwai da rabi."

Baba ya ce tun da yake bai taɓa ganin marowaci irin wannan ba. Ya naɗe takardarsa a hankali, ya nemi a dawo masa da rularsa, ya miƙe yana dafa benci. Sai da ya kai ƙofa ya tsaya.

"Ka turo manyanka. Amma ka sani, daga yau ni ma maki zan riƙa ba ka a kan yarinyar nan, kuma a wurina biyar faɗuwa ce."

Dakta ya karɓi labarin da dattako. Ya zo ya ɗauki hoton nan nasa mai firam ɗin zinariya ya rataye a shago, inda masu sayen magani ke tambayarsa ko amaryarsa ce.

Aka ɗaura aure cikin hutun ƙarshen zango. Yayyenta suka zo da 'ya'yansu, gidan da ya daɗe shiru ya cika da gudu da kuka da dariya. Shugaban makaranta ya riƙa bin mutane yana gaya musu shi ya haɗa abin da hangen nesansa. Gwaggonta ta duba hannun ango ta ce a ba shi sabulu cikin kayan aure.

Da za a tafi da ita, Baba ya kira su biyun falo ya rufe ƙofa. Suka durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da tsawon rai tare, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ba irinku ba."

Suka ce amin. Sai ya juya ga angon, muryarsa ta sauka.

"Ka kalle ta tun tana gabanka. Kullum. Ko ba ta juyo ba."

"In Allah ya yarda, Baba."

A mota tana share ido da gefen mayafi, ta ji idonsa a kanta. Aka wuce kwanar gidansu, aka hau babban titi, bai ɗauke ba.

"Kallon ya isa haka, Gawayina. Mutane na gani."

"Umarnin Baba ne."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta bar shi ya yi aikinsa.